Daga Hannu Zuwa Hannu: Labarin Dorugu, Yaron Dambanas

A watan Janairu na 1851 wasu Turawa uku suka sauko Damargu tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Tun watan Maris na shekarar da ta wuce suka baro Tarabulus. An yi musu ƙwace a hanya, sun yi watanni a Abzin ƙarƙashin inuwar Annur, babban Kel Ewe, guzurinsu kuma ya kusa ƙarewa. A Tagelel, ƙauyen Annur ɗin da ke cikin gonakin geron Damargu, suka yanke shawarar kowa ya kama gabansa, a haɗu a Kukawa ta Barno. Shugabansu James Richardson, Baturen Ingila, ya nufi Zinder. Jamusawan biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka bi ta Tasawa, daga can Barth ya wuce Katsina da Kano, Overweg ya karkata Gobir da Maraɗi.

Damagaram, ƙasar Zinder, a lokacin tana bin Shehun Barno, Sarki Ibrahim ke kan gado. Bashin fatake ya yi masa yawa, hanyar biya kuma ita ce kai hari. Ba wata ƙasar abokan gaba mai nisa aka kai wa ba, garuruwan kudu ne na kusa. Richardson yana Zinder aka dawo da ganimar, ya tsaya ya ga shigowarta da idonsa: ƙananan yara tsirara a gaba, mata da goyo a baya, tsofaffi da ƙyar suke ɗaga ƙafa, sai maza a ɗaure. Ya rubuta abin da ya gani. Bai kai Kukawa ba, zazzaɓi ya kashe shi a Ngurutuwa cikin watan Maris.

A waɗannan shekaru, cikin hari irin wannan, aka kama wani yaro mai suna Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Kafin a zo kansa, hare-haren sun riga sun fara ɗauke 'yan gidansu. Shi kuwa bai wuce shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba aka kora shi Zinder, daga nan aka miƙa shi gabas har Kukawa, inda ya faɗa hannun wani Balarabe.

A Kukawa ne ya gamu da Overweg, wanda mutanen gari ke kira Tabib saboda yana ba da magani. Yaron ya shiga yi masa hidima, daga baya Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, kamar yadda ya yi wa wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. To amma ina yaro mai waɗannan shekaru zai je da 'yanci, yana tafiyar makonni daga garinsu, a birnin da kasuwar bayi ke ci kowace Litinin? Idan ya fita ƙofar gari shi kaɗai, kafin rana ta faɗi wani ya kama shi. Don haka ya zauna inda yake. Overweg ya tashi daga ubangida ya koma mariƙi, ko da kuwa babu wanda ya kira abin da wannan suna.

Riƙon bai daɗe ba. A ƙarshen Satumba na 1852 Overweg ya rasu a Maduwari, bakin Tafkin Cadi, yana da shekara talatin. Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya gaji littattafansa da kayan awonsa, ya kuma gaji yaran biyu. Ranar 25 ga Nuwamba ya fita Kukawa ya dosa yamma, su biyun suna cikin ayarinsa.

Wannan zangon na farko shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ayarin ya shiga Zinder ranar 25 ga Disamba, ya zauna har ƙarshen Janairu na 1853, fiye da wata guda. Zinder ɗin da aka koro Dorugu ta cikinta yana bawa, yau ga shi ya dawo yana ɗa. Kance tafiyar kwana biyu ce ko uku, kuma hanyar da suka bi zuwa Gazawa da Katsina ba ta yi nisa da ƙasarsu ba. Idan akwai lokacin da ya kamata wani babba ya ɗauki sanda ya bi gari gari yana cigiyar makaɗin Dambanas, ya gano wanda ya rage a dangi, ya duba ko gidan zai iya karɓar yaron ba tare da an sake kama shi ba, to wannan watan ne. Ayari ya ɗaure kaya ya wuce, yaron yana ciki.

Ba na ɗora wa Barth laifin mugunta. Mutum ne da aka aiko da wani aiki, yana lissafin kuɗin guzuri da lafiyar raƙuma, yana tsoron hanyar Gobir. Mayar da yaro ƙauyen da hari ke ci ma ba lalle ya zama alheri ba. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da aikinsa ke nan kawai, wanda ba ya buƙatar yaron ya riƙe masa akala ko ya ɗora masa tukunya, wanda zai zauna ya auna maslahar yaron ita kaɗai.

Daga nan tafiya ta miƙe. Katsina, Wurno, Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Gwandu a zamanin Halilu. Suka haye Kogin Kwara a Sayi cikin watan Yuni, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853. Watanni suka yi a can ran Barth na hannun Allah, Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ne ya tsaya masa har ya fita lafiya a 1854. Suka dawo ta Gawo da Sakkwato da Kano, suka ci karo da wani Bajamushen, Eduard Vogel, a daji kusa da Bundi, alhali a Turai an riga an ba da labarin mutuwar Barth. Suka koma Kukawa a watan Disamba. Yaron da bai kai shekara goma sha biyar ba ya taka ƙasa daga Cadi zuwa Tambutu ya dawo.

A watan Mayu na 1855 Barth ya kama hanyar gida ta Bilma da Murzuk, da yaran biyu. Ita ce hanyar da ake kora bayi zuwa Fezzan da Tarabulus. Matafiya sun sha ba da labarin ƙasusuwan mutane da ke zube a bakin rijiyoyinta, musamman rijiyar Meshru, na waɗanda ƙishi ya kayar suna dab da ruwa. Dorugu da Abbega sun bi ta nan, sun ga abin da ake gani. A riƙe wannan, domin zai yi amfani in an zo rigimar da ta biyo baya.

Suka isa Tarabulus a ƙarshen Agusta, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marsai, suka ratsa Faransa, ranar 6 ga Satumba suna Landan. Barth ya kai su Hambug wajen mahaifinsa da 'yan'uwansa, sannan suka komo Ingila. A littafin tafiyarsa har da zanen su biyun.

Niyyar Barth ita ce ya mayar da su. Ya ɗauki abin a matsayin amana, ya shirya da gwamnatin Ingila a tura su ta Tarabulus su koma ƙasarsu. Sai ga wani ya shigo maganar, James Frederick Schön, limamin mishan, shi ma haifaffen Jamus. Ya yi shekaru a Saliyo, ya bi jiragen da suka hau Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya koyi Hausa a bakin 'yantattun bayi, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843. Rashin lafiya ya dawo da shi Ingila, yana limanci a asibitin sojan ruwa a Chatham. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, burinsa kuwa ya rubuta nahawun harshen, ya kuma fassara littattafan addininsa. Ga Bahaushe haifaffe ya sauka a Landan. A 1856, maimakon hanyar Tarabulus, yaran suka ƙare a gidan Schön. Barth ya fusata ƙwarai, yana ganin an janye masa yaran da ke wuyansa, kuma tsamin da ya shiga tsakanin mutanen biyu ya daɗe.

Kowanne cikinsu yana da hujja mai nauyi. Barth ya yi alkawari, kuma ya san yaro da ƙasarsa. Wanda ya ce a bar su kuwa yana iya nuna waccan hanyar ta Murzuk ya ce, wa zai raka samari biyu baƙaƙe, marasa dangi, su ratsa ta daga arewa zuwa kudu ba a sayar da su ba? In sun kai Kukawa ma, wa ke jiransu? Sai dai kowannensu yana da abin da yake so a jikin yaran. Ɗaya yana kare sunansa da alkawarinsa, ɗaya yana neman harshe da kuma sabbin mabiya. Duk abin da yaran suka faɗa a wannan hali, sun faɗe shi ne a ƙasar da ba su san kowa ba, cikin sanyin da ba su saba ba, ga mutanen da ke ba su abinci. Babu alƙali a tsakani, babu wani na uku da zai keɓe da su ya tambaye su cikin harshensu, ya kuma dawo bayan wata shida ya ga yadda suke.

Musulmin da ya ji wannan labari zai tuna da Zaidu ɗan Harisa. Shi ma yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, Hakim ɗan Hizam ya saya wa gwaggonsa Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ubansa bai daina cigiya ba har ya gano shi, ya zo Makka shi da ɗan'uwansa da kuɗin fansa. Aka kira yaron a gaban uban da baffan aka ba shi zaɓi, ya zaɓi ya zauna. Daga baya aya ta sauka a Suratul Ahzab ta mayar masa da sunan mahaifinsa. An nemi dangi, an tambayi yaro a gaban kowa, an bar masa nasabarsa. A kan wannan ne riƙo ya zauna a ƙasar Hausa: gwaggo ko kawu ko kaka su ɗauki yaro, su ci da shi, su yi masa kaciya ko su yi mata kayan ɗaki, amma kowa a unguwa ya san ɗan wane ne.

Dorugu bai samu ko ɗaya cikin ukun a cike ba. A 1857 aka yi musu baftisma. Abbega ya zama Frederick Buxton, Dorugu ya zama James Henry. James sunan Schön ne, Henry kuma shi ne yadda Turawan Ingila ke kiran Barth. Mutanen biyu da suka yi jayayya a kansa su ne suka hau gaban sunansa.

A wannan shekarar kuma aka raba shi da Abbega, wanda ya koma bakin Kwara tare da 'yan mishan. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba, ba ma ƙabila ɗaya ba, amma shekara biyar suna kwana wuri ɗaya, sun binne Tabib tare, sun ga Tambutu tare, sun sha ruwan rijiyoyin Sahara tare. Duk duniya babu wanda ya san abin da Dorugu ya gani sai shi. Masu aikin kula da yara a yau suna yin iya ƙoƙarinsu kada a raba 'yan'uwa in za a sauya musu gida, domin sau da yawa ɗan'uwan nan shi ne kaɗai abin da yaro ya fito da shi daga rayuwarsa ta baya. Dorugu ya ƙara shekara bakwai a Kent, mai jin Hausarsa kuwa dattijon Bature ne da ya koye ta da girma.

Cikin waɗannan shekaru ya koyi karatu da rubutu da Ingilishi, ya kuma yi aikin da har yau ake cin moriyarsa. Yana magana, Schön yana rubutawa da haruffan boko. Ya ba da tatsuniyoyi, ya ba da karin magana, ya gyara jimloli, ya kuma ba da labarin kansa tun daga gonar ubansa har titunan Landan. Nahawun Hausa da Schön ya buga a 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885 wanda ke ɗauke da tarihin rayuwar Dorugu, duk sun jingina da bakin wannan saurayi. Schön ya samu lambar Volney ta Faransa a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Turawan da suka fara koyon Hausa daga littafi a wancan ƙarni, Hausar wani yaron ƙasar Damagaram suka koya.

Wanda ya karanta labarin zai ga yaro ne mai ido. Bai tsaya yana mamakin Turawa baki buɗe ba, kallonsu ya yi kamar yadda su ma suke kallon mutanenmu. Ya bayyana yadda ake zaman cin abincin dare a gidan Ingilishi, wa ke shiga da wa, yadda ake jera wuƙa da cokali, yadda mata ke matse ƙugu, yadda suke tashi su bar maza a tebur. Barth ya cika mujalladi biyar da bayanin ƙasashenmu. Yaron da ke jan raƙuminsa shi ma ya bar nasa bayanin a kan ƙasarsu Barth, da Hausa, kuma yana cikin tsofaffin tarihin rayuwa da Bahaushe ya bayar da bakinsa aka rubuta.

Abin da ya sami Dorugu ba tsohon labari ba ne kawai a yankinsu. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishi ya kashe su. 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, kuma mafi yawansu daga ƙasar Kance suka fito, ƙasar su Dorugu. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Yunwa da rashin abin yi ke tura mata bara a Tamanrasat da biranen gaba, wasu da 'ya'yansu, wasu da 'ya'yan da aka ba su amana a kan za a riƙa aiko wa iyaye wani abu. Tun Disamba na 2014 Aljeriya ke dawo da su a manyan motoci ta Asamaka da Arlit da Agadas, sannan a gangaro da su ta hanyar da ta ratsa Damargu, ta gefen makiyayar Tenhya, ta bi ta Tanut zuwa Zinder. A cikin kowane ayari akan samu yaran da matar da ke riƙe da hannunsu ba uwarsu ba ce, da waɗanda ba kowa tare da su.

A nan ne aikin da Dorugu ya rasa yake farawa. Ma'aikacin kare yara zai durƙusa daidai tsawon yaron ya tambaye shi, yaro, yaya sunanka, wa ye babanka, wane gari, wa ye mai garinku, wace rana kasuwarku ke ci. Yaro ɗan shekara biyar ba ya sanin sunan gunduma, amma yakan san ranar kasuwa da sunan malamin allonsu. Da irin waɗannan guntaye ake kiran mai gari a waya, a aika hoto, a je a duba gidan. Kafin a gama, alƙalin yara ne ke sa hannu a ajiye yaron a wata cibiya ko a gidan wasu mutanen kirki da suka yarda su riƙe shi na ɗan lokaci. In an samu iyaye, ba a miƙa shi a juya baya, sai an zauna da su an gane abin da ya sa suka bayar da shi, in ba haka ba bayan kaka za a sake ganinsa a mota. In ba a samu ba, ko gidan ba zai riƙu ba, sai a duba dangi na kusa, sannan a yi maganar gida na dindindin. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci kafala ta Musulunci da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gida, ta kuma ce a saurari yaro a duk shari'ar da ta shafe shi. Aiki ne na haƙuri, na yawo a kan babur cikin rairayi, ma'aikatan kuma ba su da yawa. Ina ganin girmansu ƙwarai.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, yana da shekara ashirin da 'yan kai. Bai koma noma a Dambanas ba. Harsunan da ya iya su suka zama sana'arsa, ya yi tafinta ga Turawa. Abbega kuwa ya zama sarkin Lakwaja daga 1896 zuwa 1904. Da Turawa suka ci ƙasar Hausa, tsufa ya riske shi a Kano. A can ya haɗu da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa. Vischer ɗin nan a 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, ta Murzuk da Bilma, da ayarin da ke ɗauke da alhazai da 'yantattun bayi masu komawa gida, wato tafiyar da aka shirya wa Dorugu shekara hamsin kafin nan ba ta yiwu ba. Da Vischer ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, Dorugu yana cikin malaman da suka koyar a cikinta. Ya rasu a Nasarawa a 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai.

A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa zuwa Ingilishi, Jami'ar Yale ta buga. A cikin littafin sun haɗa shi da labarin wani mutum na biyu, Maimaina na Jega, wanda ya yi wa Turawa tafinta a Barno har ya zama Sarkin Askira. Maimaina jikan Abbega ne.